Jifa na Ɗari da Ashirin da Bakwai

Ranar da Yudelka ta fara ganinsa, musu ake yi a kansa.

Yammacin wata Talata ce ta watan Oktoba, saura kwana tara a buɗe gasar besbol ta gida. Kantin mahaifinta, Don Fermín, yana kan kwanar layin matatar sukari a Puerto Ceiba. A ƙofar kantin akwai teburin domino da ya fi majalisar gari yanke hukunci. Mutum huɗu a zaune, goma a tsaye a kansu. Ita tana ciki tana auna wa wata mata shinkafa, da farar rigar asibiti a jikinta, don daga aiki ta wuto ta karɓi mahaifiyarta.

"Zagaye ɗari da sittin ya jefa a Meziko bana," in ji Chencho mai aski, uban baftismarta. "Hannu ba inji ba ne, kompadre, aminina. A bar yaron ya huta zuwa Disamba."

Don Fermín ya buga ƙwayar domino a tebur. "A zamaninmu mai jifa yakan yi wasa da safe, ya yanki rake da rana, ya sake wasa da yamma. Yaran yanzu ne ake ƙirga musu jifa kamar ƙwayar magani."

"Su 'yan zamaninku, Baba, nawa ne a cikinsu ke iya taje kai da hannun dama yau?" Yudelka ta faɗa daga ciki.

Aka yi dariya. Don Fermín bai yi ba.

"Shekara biyar na tura ta jami'a a babban birni ta koyi gashin ƙashi," ya ce da mutanen, "ta dawo tana koya wa ubanta besbol."

A daidai nan wani dogon saurayi ya tsallako titi. Teburin ya tashi tsaye. Eudis Carmona ne da kansa, mai jifan ƙungiyar 'Yan Rake, wanda ake musun a kansa. Wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya ja hularsa, Don Fermín ya ce a ba shi lemo mai sanyi kyauta. Ya gaisa da kowa yana murmushi, sannan ya shigo ciki ya ce a ba shi jakar ƙanƙara.

Ta ɗora jakar a kan kanta. Ya sa hannun hagu ya ɗauka.

"Da dama kake jifa," ta ce a hankali.

"Haka ake faɗa a rediyo."

"Da hagu ka gaisa da mutum goma sha huɗu a waje. Da hagu ka ɗauki lemo. Jaka nawa kake saye a rana?"

Murmushin ya sauka daga fuskarsa. Ya waiwaya wajen teburin, ya dawo da idonsa kanta. Idanunsa manya ne, masu sanyi, irin na wanda bai saba a kama shi ba.

"Ke wacece?"

"Wadda ba za ta tafa maka ba."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya fita.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarta.

"Likita, Eudis ne. Padrinonki, uban baftismarki mai aski, ya ba ni lambarki bisa sharaɗin in zauna ya yi mini aski. Ya ɓata mini kai. Ki ga irin asarar da na yi saboda ke."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa. "Gashi zai tsiro. Hannun nake tambaya."

"Hannun yana gaishe ki. Ya ce ko za ki sha ruwan kwakwa da shi a bakin teku ranar Asabar."

Ta je. Ba don ruwan kwakwa ba, ta gaya wa kanta. A kan dakalin bakin teku ta karɓi hannun, ta danna cikin gwiwar hannun da babban yatsa, ya ja numfashi ta haƙora.

"Jijiyar nan ta gaji, Dogo. Tana neman wata uku."

"Wata uku gasar ta ƙare."

"To ta ƙare."

Ya yi dariya, ya nuna mata hayaƙin matata can nesa. Ya ce a ƙauyen 'yan yankan rake aka haife shi, ubansa ya mutu da adda a hannu, mahaifiyarsa Doña Ramona har gobe tana soya kifi a tasha. Ya ce duk abin da ya taɓa samu a duniya, wannan hannun ne ya kawo.

"Shi ya sa nake ce maka ka ji tausayinsa," ta ce.

"Ke ki ji tausayin mai shi."

Ta saki hannun, amma shi bai saki nata ba.

Haka watanni suka bi. Duk ranar da zai yi jifa tana filin wasa da ɗan littafi a cinya, tana ja masa layi ɗaya a kan kowane jifa. Bayan wasa sai saƙo.

"Casa'in da takwas. Daga na tamanin gwiwarka ta fara sauka. Ka sa ƙanƙara minti ashirin."

"Duk garin nan suna ƙirga mutum nawa na fitar, ke kaɗai ke ƙirga abin da ya fita daga jikina. Ina sonki, Likitata."

"Minti ashirin na ce."

"Ba ki amsa ba."

"Ni ma, Dogo. Je ka sa ƙanƙara."

Don Fermín yana son Eudis a kan tudun jifa, amma bai taɓa tunaninsa a falon gidansa ba. Wanda yake tunani shi ne Braulio, ɗan mai kantin magani, ma'aikaci a ofishin ƙungiyar, mai mota da riga mai dogon hannu ko ana zafi. Shi ke kawo wa Don Fermín tikitin kujerun gaba, yana kuma kawo wa teburin domino labarin wanda za a saya da wanda za a sallama kafin rediyo ta faɗa. Yakan jingina da kanta ya ce, "Sarauniyata, yaushe za ki daina bin masu gumi?" Ita kuwa ta tambaye shi abin da zai saya.

A Janairu 'Yan Rake suka kai wasan ƙarshe, abin da rabonsu da shi shekara goma sha tara. Ranar Alhamis Eudis ya jefa ɗari da huɗu, suka ci, aka yi kunnen doki uku da uku. Wasan raba gardama sai Lahadi. Mai jifa yakan huta kwana huɗu tsakanin wasa da wasa. Wannan karon biyu ne.

Garin ya rabu. A rediyo, a shagon aski, a motar haya, maganar ɗaya ce.

"Idan ba Carmona ba, wa? Wancan mai hagun da ke jifa kamar yana miƙa gaisuwa?"

"Gudun ƙwallonsa ya ragu ranar Alhamis, kowa ya gani."

"Ya ragu ɗin, amma wa ya taɓa ta?"

"Ya huta a Fabrairu. Fabrairu don me aka yi shi?"

Ranar Juma'a Yudelka ta zauna ta rubuta wa likitan ƙungiya takarda shafi biyu. Ta zayyana abin da ta ji a gwiwar tun Oktoba, da lissafin jifa wasa bayan wasa, ta roƙi kada a ba shi ƙwallo ranar Lahadi. Ba ta gaya wa Eudis ba, don ta san zai hana. A ƙofar ofis mai gadi ya ce likita yana wajen atisaye. Braulio ya fito da fara'a ya karɓa.

"Da hannuna zan ba shi, sarauniyata."

Ranar Asabar da la'asar Eudis ya zo neman aurenta, kamar yadda suka tsara tun Kirsimeti. Ya zo da Doña Ramona cikin rigarta ta coci, riƙe da faranti na alawar kwakwa. Doña Casilda, mahaifiyar Yudelka, ta share falo ta dafa gahawa. Amma Don Fermín bai tashi daga teburin domino ba. Nan ya bar su a tsaye a bakin titi, tsohuwar da farantinta, har ya gama zagayen da yake.

"Na ji abin da ya kawo ka," ya ce. "Na kuma ji ana raɗe-raɗin ba za ka karɓi ƙwallo gobe ba."

"Ban faɗi haka ba, Don Fermín."

"'Yata ta faɗa maka ka faɗa." Ya jera ƙwayoyinsa. "Ni ban san danginka ba, yaro. Na san uwarka tana soya kifi, ubanka ya yanki rake. Ba laifi ba ne. Amma abu ɗaya ke gare ka da za a kalla, shi ne kai namiji ne a kan tudun nan. Mijin da mace za ta ce masa zauna ya zauna, ba na bukatarsa. Shekara goma sha tara muke jira. Kawo mana kofi, ka ɗauki 'yata."

Teburin ya amsa da na'am. Chencho kaɗai ya sunkuyar da kai.

Yudelka ta fito daga kanti. "Baba, ni ba kyautar gasa ba ce. Hannunsa kake nema, kuma ka san zai tsinke."

"Da ke nake magana?"

"A kaina kake magana."

Eudis ya dubi mahaifiyarsa da ke tsaye da faranti babu wanda ya ce mata zauna. Ya dubi mutanen. Yudelka ta ga amsar a fuskarsa kafin ya buɗe baki.

"Zan karɓa, Don Fermín."

Da safiyar Lahadi ta aika masa. "Dogo, ba sai Baba ya yarda zan aure ka ba. Ka ce musu a'a. In kuma ka hau, idan koci ya zo ya tambaye ka, ka faɗa masa gaskiya. Abin da nake roƙo ke nan."

Amsar ta zo bayan awa guda. "Ba zan shiga gidanku da kai a ƙasa ba, Likitata. Ki ƙirga mini."

Ƙarfe huɗu aka fara. Filin ya cika har kan katanga, ganguna da ƙahoni ba sa tsayawa. Ta ga sunansa a allo, ta ɗauka likita ya karanta takardarta ya yar. Ta buɗe littafinta.

Zagaye shida ya yi kamar ba shi ne ya jefa ranar Alhamis ba. A na bakwai 'Yan Rake na gaba da biyu da ɗaya, lissafinta ya kai casa'in da shida, ta ga abin da take tsoro. Gwiwar ta sauka. Bayan kowane jifa yana yarfe yatsunsa a bayan cinya inda yake zaton ba a gani.

Koci ya fito, ya taka a hankali zuwa tudu.

Kowa a filin ya san yadda abin yake. A wasan ƙarshe koci ba ya karɓe ƙwallo daga hannun gwarzonsa sai ya tambaye shi yaya hannu. Ba a kuma taɓa haihuwar mai jifan da ya amsa cewa ya gaji ba, don wanda ya faɗi haka a gaban gari, da shi za a riƙa kiransa har jikokinsa. Tambayar tana wanke koci, amsar tana ɗaure mai jifa. Duka biyun sun san da haka, suna kuma yi.

Ta miƙe tsaye. Daga inda take ta ga leɓunansa sun motsa, gajeriyar amsa. Koci ya dafa shi ya juya hannu wofi. Filin ya ɗauki sunansa yana rerawa. Mahaifinta, a kujerar gaba kusa da Braulio, yana ɗaga hula sama.

Ta zauna ta ci gaba da jan layi.

A zagaye na tara, na ƙarshe, ya fitar da masu bugu biyu. Saura mutum ɗaya kofi ya zo gida. Jifa na ɗari da ashirin da bakwai bai kai wajen mai bugu ba, a ƙasa ya faɗi, ya gangara kamar wanda yaro ya saki. Eudis ya durƙusa a kan tudu, hannun dama na reto.

Wasu 'yan kallo suka fara fito don a hanzarta. Aka kama shi aka fitar. Aka kira wani sabon ɗan wasa, Amauri, wanda bai fi wata biyu a ƙungiyar ba. Jifa uku ya yi, wasa ya ƙare.

Amauri aka ɗauka a kafaɗa aka zagaya gari da shi.

Ta same shi a lungun da ke ƙarƙashin kujeru, shi kaɗai a kan benci, yana rungume da hannun kamar jariri. Ƙarar ganguna na girgiza rufin.

"Mun ci?" ya tambaya.

"Sun ci," ta ce.

A Santo Domingo, babban birni, aka yi masa tiyata. Likita ya ce shekara ɗaya da rabi kafin ya sake jifa, idan zai sake. Kafin a kwance ɗinki ƙungiyarsa ta Meziko ta aiko cewa ta ɗauki wani a madadinsa. A Maris 'Yan Rake suka fitar da jerin waɗanda za su riƙe, babu sunansa.

Hoton Amauri ya hau bangon kanti. Teburin domino ya samu sabon abin taunawa, kuma Yudelka na bayan kanta tana ji.

"Gaskiya ofis ya yi daidai. Kujera ɗaya ce, ba za a ajiye ta wa mai hannu a majanyi ba."

"Ni tun zagaye na bakwai na ga ya ƙare. Da mai hankali ne da ya faɗa wa koci."

"Son kai ne. So yake a ce shi ya gama. Saura kaɗan ya jawo mana."

"A kawo mai hagu daga arewa, a manta da shi."

Waɗannan su ne bakunan da suka rera sunansa. Ta san kowace murya.

Da Chencho ya tuna wa Don Fermín alkawarinsa, bai ko ɗago ba. "Na ce ya kawo kofi. Shi ya kawo? Je ka duba hoton bango." Ya juya wajen kanti ya ɗaga murya don ta ji. "Ba zan ba da mai digiri ga mutumin da sai an ɗaura masa igiyar takalmi ba."

A satin ne saƙon Eudis ya zo, bayan kwana uku na shiru.

"Braulio ya nuna mini takardarki. Da ita suka sallame ni, sun ce na ɓoye ciwo tun Oktoba, ga shaida da hannun budurwata. Duk garin nan ke kaɗai na bari ta taɓa hannun nan. Kada ki sake zuwa."

Ta zauna a bakin gadon marasa lafiya da wayar a hannu har wata ma'aikaciya ta tambaye ta ko lafiya. Sai a lokacin ta gane takardar ba ta taɓa isa wajen likita kafin wasa ba. An ajiye ta a aljihun tebur har ranar da za ta yi amfani.

Da yamma Braulio ya zo kanti da furanni. Ta karɓa, ta fito da su gaban teburin domino, ta ajiye a tsakiyar ƙwayoyin.

"Ranar Juma'a kafin wasa na ba mutumin nan takarda ya kai wa likita," ta ce da su. "Ya riƙe ta wata biyu. Ku tambaye shi dalili, tunda kuna son labarin ofis."

Ba wanda ya tambaya. Braulio ya gyara hannun rigarsa ya ce harkar ofis ba a bakin titi ake yinta ba. Don Fermín ya ture furannin gefe ya ce, "Wa ke da wasa?"

Washegari bayan aiki ta hau motar ƙauyen rake. Tafiyar minti arba'in ce a hanya mai ramuka. Doña Ramona ta buɗe mata ƙofa. Eudis na zaune yana fuskantar bango.

"Na ce kada ki zo."

"Ba wajenka na zo ba. Wajen hannun na zo. Sati shida da tiyata, idan ba a fara miƙe shi yanzu ba zai sandare."

Ta ja kujera, ta kwance majanyin, ta fara. Gumi ya keto masa, ya cije leɓe, bai yi ƙara ba, bai kuma kalle ta ba. Bayan awa ɗaya ta ɗaure, ta gaida tsohuwa, ta tafi.

Ta dawo washegari, da jibi. A gida mahaifinta ya daina yi mata magana, sai dai ya ce da Doña Casilda, "Gaya wa 'yarki." A motar haya mata suna nuna ta da baki, wadda ta kai ƙarar saurayinta ofis. Wasu kuma suna cewa wadda ta ƙi mai mota ta bi gurgu. Ta ɗaga kai tana kallon gonakin rake ta taga. Sati bakwai tana zuwa, sati bakwai bai furta mata kalma ba, hannun kuwa yana ƙara miƙewa kaɗan-kaɗan.

Ranar da ya iya kai cokali bakinsa da dama, ya ajiye cokalin ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Me ya sa kika rubuta?"

"Don kada ka hau tudun."

"Kin ci amanata."

"Na ɓoye maka, wannan laifina ne, na ɗauka. Na kuma ba wanda bai kamata ba, shi ma na ɗauka. Amma da za a mai da ni ranar Juma'ar nan, zan sake rubutawa, in tsaya a ƙofar likita har ya karanta. Gara ka tsane ni da hannu biyu."

Ya juyo. "Juma'a?"

"Me Braulio ya ce maka?"

"Shafi na biyu kawai ya nuna mini, wanda babu kwanan wata a kai. Ya ce a Maris kika kawo, bayan kin ga ba ni da amfani."

Doña Ramona, da ke tsinke ƙayar kifi a bakin ƙofa, ta ce, "Wadda ta ga ba ka da amfani ce ke cin ƙurar hanyar nan kullum, ko? Ubanka ma bai kai ka wauta ba."

Ya rufe fuskarsa da hannun hagu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Yudelka ba ta matsa kusa ba, ta bar shi ya gama.

"Koci ya tambaye ni," ya ce daga baya. "Na tuna saƙonki. Yatsuna biyu sun riga sun mutu, ba na jin su. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji na ce lafiya lau."

"Na gani."

"Ba ni da komai yanzu, Likitata. Makarantar firamare sun ce in zo in riƙa koyar da motsa jiki. Ke nan."

"To ka je. Ɗaga hannun, saura goma."

"Za ki aure ni a haka?"

"Idan ka gama goman."

Aka sa rana a Oktoba, Asabar, a cocin unguwa. Don Fermín ya ce ba shi ba wannan biki. Doña Casilda ta ɗinka rigar a ɗakin ƙanwarta. Chencho ya ce shi zai riƙe hannunta zuwa gaban fada, limamin cocin.

Ranar, motar amarya ta biyo ta layin matata. Teburin domino a cike yake, gasa ta kusa, ana musun ko mai hagun da aka kawo daga arewa zai iya zagaye shida. Yudelka ta ce direba ya tsaya.

Ta fito da farar riga, ta tattare ta daga ƙura, ta tsaya a gaban mahaifinta. Musun ya mutu.

"Albarka, Baba."

A Puerto Ceiba ɗa ba ya wuce iyayensa bai nemi albarka ba, ko da jikoki gare shi, kuma uban da ya hana a gaban jama'a, ba ɗan ake kallo ba, shi ake kallo. Don Fermín ya ƙura wa ƙwayoyinsa ido. Ya ɗauki ɗaya, ya ajiye.

"Ana jiranki a coci," wani ya ce a hankali.

"Su jira. Na iya jira, na koya bana."

Rana na dukan mayafinta. Kararrawar coci ta buga, ta sake bugawa. Ɗaya bayan ɗaya mutanen teburin suka kife ƙwayoyinsu, har ya zama babu wanda zai yi wasa da shi. Don Fermín ya motsa leɓe, wani abu ya fito ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Baba. Ranar da ka sa sharaɗi duk layin nan sun ji."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗago ya dube ta, karo na farko cikin wata bakwai, ya ga fuskarsa ce sak, da taurin kan da komai.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce da ƙarfi. "Ke da shi."

"Amin."

Ta juya ta shiga mota. Bai biyo ta ba, ba ta kuma waiwaya ta ga ko zai biyo ba.

A gaban fada Eudis na tsaye cikin kwat ɗin aro, Doña Ramona da Doña Casilda a benci ɗaya suna raba hankici. Da aka zo sa zobe ya ɗauka da hannun dama. Hannun bai gama miƙewa ba, aka ɗauki lokaci kafin zoben ya sami yatsa. Ba ta taimake shi ba. Ta tsaya da yatsanta a miƙe har ya kai.

"Ya yi zafi?" ta raɗa masa.

Ya buɗe baki, ya tsaya, ya yi ɗan murmushi. "Ya yi."

Fada ya ɗora hannu a kansu, tsofaffin biyu suka amsa amin da murya ɗaya. Allah ya ba Yudelka da Eudis zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai, ya warkar da abin da zai warku, ya ba su juriyar abin da ba zai warku ba.